Fadar Kwali, Ni da Surukata

A shekarun da sojoji suka koma bariki, kuɗin mai ya dawo yana ambaliya a Abuja, ni direba ne na wucin gadi a wata ma'aikatar tarayya. Ma'aikacin wucin gadi yana zuwa kullum kamar kowa, yana shan rana fiye da kowa, amma ranar da aka ga dama aka ce masa kada ya zo gobe, ba shi da wurin kai ƙara. Ina zaune a Masaka da matata da yaranmu, a ciki da falo. Da an idar da sallar asuba nake fita bakin titi, in faɗa cunkoson Mararraba da Nyanya, in isa ofis a gajiye tun kafin a miƙo mini makullin mota. Ko'ina ka waiwaya a cikin gari gini ake yi. Wayar salula ta shigo, kowa yana tafe yana ihu shi kaɗai. Mu dai ta gilashin mota muke kallon arzikin.

Surukata ce ta samo mini aikin. Ƙanwar mahaifin matata ce, ita ta ɗauke ta tun daga yaye ta riƙe ta har ta aurar mini da ita, saboda haka a wurina ita ce uwar matata. Gwaggo muke ce mata. A ofis kuwa Hajiya ce, babbar mai buga takardu, mijinta ya rasu, tana zaune a Kuje. Ba ta girme ni da yawa ba, amma ba a auna suruka da shekaru.

Babu wanda ya san dangantakarmu a ma'aikatar. Ita ta aiko matata ta gaya mini in kama bakina, kada a ce ta cusa nata. Hakan bai yi mana wuya ba, domin dama can ba magana muke yi ba. Tun ranar da aka ɗaura aurena ban taɓa kallon tsabar idonta ba. In ta zo gidanmu, daga bakin ƙofa nake cire takalmi in durƙusa, kaina a ƙasa, ita kuma ta kau da fuska gefe ta amsa gaisuwar, sai in nemi abin da zai fitar da ni. A ofis in na hango ta a matakala, sai in tuna na yi mantuwa a mota. Wanda bai tashi a cikinmu ba zai ɗauka ƙiyayya ce. Mu kuwa mun san wannan kunyar ita ce girman da nake ba ta, ita ce kuma girman da take ba ni. A garin da kowa ke kirana da "kai direba", mutum ɗaya ce take kau da fuska saboda ni.

Wata shekara aka ce kowace ma'aikata ta kawo wani abu na al'ada wurin bikin da za a yi a wani babban zaure. Akwai wani jami'i a sashen yaɗa labarai, mai gilashi da siririn gemu, ya yi karatun tarihi har ƙasar waje, ba ya haɗa magana biyu da Hausa bai jefa Turanci ba. Shi ya rubuta wasan kwaikwayo. Mu direbobi Malamin Wasa muke ce masa.

Labarin wani birni ne mai ganuwa, a zamanin da ayarin raƙuma ke keta hamada da gishiri da tufafi. Ban sani ba ko an yi birnin, ko shi ya ƙaga abinsa. Ya ce abin da tsofaffi suka faɗa shi ne, abokan gaba sun kewaye garin, matar sarki ta ce a rufe ƙofofi a zauna, akwai hatsi a rumbu, damina ta kusa, sauro da yunwa za su kori maharan. Sarki ya ce shi ba ya ɗaukar shawarar ɗaki, ya sa aka buga tambari, ya fita da mayaƙansa, aka karkashe su, birnin ya zama kufai. Shi kuma Malamin Wasa ya ce, to da a ce ba haka aka yi ba fa?

A wasansa, kafin gari ya waye sarauniya ta sa kuyanginta suka farke fatar tambarin, ta tattara makullan ƙofofin gari da na rumbuna ta ɗaure a ƙugunta. Sarki ya tashi ya tarar ba abin da zai kira mayaƙa da shi, ba ƙofar da zai fita. Ruwa ya sauko, maharan suka watse, birni ya tsira. Daga nan kuma ba ta mayar da makullan ba. Sarki yana zama a karagarsa da rawaninsa, a yi masa kirari, a kawo ƙara, amma ba ya yanke hukunci sai ya ji motsin awarwaronta daga bayan labule. In ta kaɗa hannu, ya ce an yarda. In ta yi shiru, ya ce a dawo gobe. Fatake suka gane, jakadu suka gane, har masu tallar fura suka gane. Garin ya yi albarka, sarki ya tsufa yana kasa kunne.

Babu jami'in da ya yarda ya zama wannan sarkin. Wa zai so a nuna shi a talabijin yana mijin-ta-ce? Wata safiya ina goge mota shugaban direbobi ya kira ni.

"Kai, kana da tsawo, kana da gemu, kuma ba ka da bakin ƙi. Hau sama ana nemanka."

Na tarar an ture kujerun ɗakin taro gefe, an jingina ganuwar kwali da aka shafa wa jan fenti, an rataya labule a kan igiya. Malamin Wasa ya dube ni sama da ƙasa, ya tafa hannu.

"Ga sarki ya samu. Hajiya, fito ki ga mijinki."

Ƙafafunta na fara gani a ƙarƙashin labulen, sannan gefen zanen. Na san atamfar, matata ce ta saya mata da ƙaramar salla. Ta fito, ta tsaya, ta juya fuska wajen taga. Ni kuma na fara durƙusawa kamar yadda na saba, sai da na dafa kujera na tsaya. Daga baya na ji cewa 'yan matan ofis da matan aure duk sun ƙi, ita kuma an matsa mata saboda muryarta, ta yarda ba ta san wanda za a kawo ba.

Da ɗayanmu ya buɗe baki a lokacin, da an wuce wurin. Amma da wane baki zan ce wannan surukata ce, a gabanta, a gaban mutane? Ita ma in ta faɗa, ta tona abin da ta ce a rufe. Haka aka miƙa mana takardu.

Da muka fara gwaji ban iya ɗaga kai ba. In ta yi magana sai in sunkuya, in amsa ƙasa-ƙasa. Akwai wurin da aka rubuta sarki ya ce mata "sanyin idona". Na zo wurin, harshena ya ƙi, na ce "ranki ya daɗe". Malamin Wasa ya yi tsalle daga kujerarsa.

"A bar shi haka, ya fi nawa. Ku dubi yadda yake tsoronta, ko ido ba ya iya haɗawa da ita. Malam, a ina ka koyi wasa?"

"Ban koya ba, yallaɓai."

"Hajiya kuma, dubi yadda take magana da bango. Ba ta ma ɗauke shi abin kallo ba. Wannan ita ce sarauniya."

Gwaggo ta gyara mayafinta. Amma gaskiya ta iya. In ta ce, "A gaya wa mai rawani yau ba fita," har masu shara sai sun tsaya a bakin ƙofa da tsintsiya a hannu.

Labari ya sauko wurin ajiye motoci. Wani direba Bayarabe, abokin cin abincina, kullum ya gan ni sai ya ce, "Oga Sarki, matarka yana kira. Gudu, gudu, kafin ya kaɗa hannu." Na kai mota gyara Apo, bakanike ya leƙo daga ƙarƙashinta ya ce, "Ranka ya daɗe, a canza birkin, ko sai an tambayo cikin gida?" Nakan yi dariya tare da su. Ba su san rabin abin ba.

Matata da na gaya mata, ta yi dariya har ta saki muciya ta zauna a ƙasa. Can kuma ta daina dariyar.

"Baban yara, kai da Gwaggo?"

"To ya zan yi? Sa ni aka yi."

"Ka dai kula da abin da bakinka zai faɗa. Wasa yana ƙarewa, Gwaggo ba ta ƙarewa."

Akwai abin da ban gaya mata ba. Na fara son zaman karagar. Tsohuwar kujerar wani darakta ce aka lulluɓe da darduma, a ɗaki mai sanyi. A duk yinin, nan ne kaɗai nake zama ba sitiyari a hannuna. Nakan lumshe ido in yi tunanin sarkin nan. Ba shi ke lissafin hatsi ba, ba shi ke tunanin ƙofa ba, in an yi kuskure ba nasa ba ne. Ni da nake tashi da duhu in dawo da duhu, sai in ga ai mutumin ya huta. Amma wani lokacin, in awarwaron ya motsa na ce "an yarda", sai wani abu ya soke ni a ƙahon zuci. Wannan hannun da ke bayan labulen shi ya ba ni mata, shi ya samo mini aiki, shi ya nemo mana ɗakin da muke ciki. Nakan yi a'uziyya in kore tunanin, washegari ya dawo.

Ana saura kwanaki kaɗan, babban sakataren ma'aikatar ya zo ganin gwaji. Ya zauna ya kalla har ƙarshe yana kaɗa ƙafa. Da aka gama ya ce, "Shi ke nan? Haka sarkin zai mutu a ƙarƙashinta?"

Malamin Wasa ya ce, "Ranka ya daɗe, ai ma'anar wasan ke nan. Tambaya ce muke yi wa tarihi."

"Ka yi tambayarka a gida. Akwai masu rawani na gaske a cikin baƙi, a layin gaba za su zauna. A ƙara fitowa ɗaya. Ya tashi ya karɓi abinsa, ta durƙusa ta ba shi haƙuri."

"Amma ranka ya daɗe, in ya karɓa ai birnin..."

"Birnin kwali ne."

Washegari aka ba mu sabuwar takarda. Sarki zai yaye labule, ya daka mata tsawa, ya karɓi makullai, ita kuma ta durƙusa a gabansa. Na karanta a cikin mota, na kifa kai a kan sitiyari. Sunkuyar da kai a gaban Gwaggo ba sabon abu ba ne, shi ya sa na iya wasan har zuwa nan. Wannan kuwa wani abu ne dabam.

Na hau sama da niyyar in ce a nemi wani. Na tsaya a bakin ofishin Malamin Wasa, na ji yana waya yana faɗa da mai ɗinkin kaya. Kowa a wurin ajiye motoci ya san maganar mayar da 'yan wucin gadi ma'aikatan dindindin tana gaban babban sakataren nan. Na daɗe a tsaye, sannan na sauko. Da na koma gida matata ta ce Gwaggo ta yi waya, ta ce a gaya mini in yi abin da aka sa ni, wasa ne. Na riƙe wannan maganar kamar an ba ni izini, ko da yake na san kara ce irin ta manya.

A gwaji nakan yaye labulen a hankali in faɗi maganar kamar mai roƙon gishiri, ita kuma ta miƙo makullan tun ban matso ba, don kada hannuna ya kai gare ta. Durƙuson ma Malamin Wasa ya ce a bari sai ranar, saboda tana fama da gwiwa. Ya ja ni gefe ya ce, "Ranar taro ka buɗe murya. Oga zai zura maka ido."

Ranar, tun safe nake jigila. Na kwaso kujeru, na ɗauko baƙi daga filin jirgi, na koma na ɗauko wasu, wani ya zage ni a kan jakarsa. Ban sa komai a cikina ba har la'asar, aka ja ni bayan dandamali aka naɗa mini rawani a gurguje. Zauren ya cika. Wasan ya tafi yadda aka saba, mutane suna dariya duk lokacin da awarwaro ya motsa na ce "an yarda". A gwaji ba a taɓa yi mini dariya da yawa haka ba. Wani daga baya ya ɗaga murya ya ce, "Allah ya ƙwace ka, mijin Hajiya." Zaure ya ɗauka.

Da aka zo fitowar ƙarshe na miƙe, na fizge labulen har igiyar ta tsinke. Abin da aka rubuta mini gajere ne: "Zamaninki ya wuce, kawo makullan birnina." Na faɗa da ƙarfi. A nan ya kamata in tsaya. Amma na ɗaga ido na dube ta, karon farko tun da aka ɗaura aurena. Na ga tana da ɗan tabo a gefen gira, na ga furfura ta leƙo ta ƙarƙashin ɗankwali. Bakina ya ci gaba.

"Na gaji. Na gaji da zama a inuwarki. Ɗakin da nake kwana ke ce, abin da nake ci ke ce, ko tari zan yi sai kin kaɗa hannu. An ce kin tsirar da ni, to na gode, amma har yaushe zan yi ta godiya? Ni ma uwa ce ta haife ni."

Ba ta miƙo makullan da wuri ba wannan karon. Na kama wuyan hannunta na karɓa. Sai ta fara sauka, gwiwa ɗaya, ta dafa ƙasa, sannan ɗayar. Ta ɗauki lokaci. Ta ɗago ta dube ni, ta faɗi abin da aka rubuta mata ba ƙari ba ragi.

"Ga makullanka, ranka ya daɗe. A yi mini aikin gafara."

Zauren ya kaure da tafi, masu rawanin layin gaba suna gyaɗa kai. Babban sakatare ya hau ya ba ni hannu, ya tambayi sunana. Malamin Wasa ya ce maganar da na ƙara ta fi duk abin da ya rubuta, ko da yake ta kashe masa wasa. Da na waiga, wasu mata biyu sun riga sun ɗaga Gwaggo sun fita da ita.

Matata ta kalla a talabijin ɗin maƙwabta. Ta ajiye mini abinci, ta zauna nesa kaɗan.

"Maganar nan duk tana cikin takardar da aka ba ka?"

"Wasu."

"Wasu," in ji ta. Ta tashi ta shiga ciki.

Ranar Asabar na shiga mota zuwa Kuje da ƙullin goro. Duk hanya ina shirya abin da zan ce, ina kuma shirya jin faɗa. Na yi sallama, na cire takalmi a bakin ƙofa, na durƙusa. Ta fito da mayafinta a kafaɗa, ta tsaya a gabana, ta dube ni kai tsaye, ta kira sunana, sunan yanka, yadda shugaban direbobi ke kiransa.

"Tashi mana, ga kujera nan. Ka sha hanya."

"Gwaggo, na zo ne a kan..."

"Wasa ne ai, ya wuce. Ka iya kuwa, kowa yana faɗa. Ya cunkoson hanyarku? An ce za a faɗaɗa titin."

Ta zauna a kujerar da ke fuskantar tawa. Ta ba ni labarin wani darakta da za a yi wa canjin wurin aiki, ta tambaye ni inda ake samun taya mai sauƙi don motar ɗan maƙwabcinta. Ta karɓi goron ta ce an gode. Babu fushi a muryarta ko kaɗan. Na yi ta jiran ta kau da fuska, ko sau ɗaya, ba ta kau ba.

Takardar aikin dindindin ta fito bayan wasu watanni. Na yi aikin har na yi ritaya, da shi na aurar da 'ya'yana, ba zan ce ban ci moriyarsa ba. Gwaggo ma ba ta fasa komai ba. Tana zuwa suna, tana zuwa jinya, ita ta yi wa babbar 'yata kayan ɗaki. A ofis in mun haɗu a matakala sai ta tsaya mu gaisa, ta tambayi yara, kamar yadda take yi wa masinja da mai gadi. Har Bayaraben abokina ya ce, "Kai da matarka na wasa kun zama aboki."

Na ci gaba da durƙusa mata in ta zo gida. Kowane karo sai ta ce, "Tashi, tashi, gwiwa ba ta da araha." Na yi ta yi, tana ta faɗa, shekara da shekaru. Wata rana bayan rasuwar Gwaggo, matata ta tambaye ni yaushe na daina durƙuson. Na zauna na yi ta tunani, ban iya tuna ranar ba.